Shekarar da Aka Auna Jinin Gidanmu

Ku 'ya'yana da 'ya'yan 'yan'uwana, na san kowannenku ya tashi da irin labarin da aka ba shi game da shekarar da Yaya Sale ya rasu. Waɗanda suka girma a sashen ƙanena Habu sun ji cewa ni, Isyaku, na tona wa gidanmu asiri a gaban jama'a. Waɗanda suka girma a sashena sun ji cewa namijin ƙoƙari na yi. Ni dai abin da na sani shi ne tsoro ne ya yi ta kora ni tun daga farkon shekarar har ƙarshenta, kuma ina so ku ji yadda abin ya kasance daga bakina tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A ƙauyenmu, nan gefen Zakirai, inda gonar wannan take jingine da ta wancan har ba ka gane iyaka sai da layin gamba, an san gidanmu da abu biyu, ƙarfin noma da mutuwar wuri. Babanmu bai cika hamsin ba. Ya dawo daga gona, ya ce a ba shi buta, ya tsuguna zai yi alwala, sai muka ji butar ta kife. Ƙanensa ma haka ya tafi a kan hanyar kasuwa, yana cikin tafiya yana hira. Babu jinya, babu kwanciya, babu wasiyya. Mata a bakin rijiya sukan ce mazan gidanmu ba sa jiran furfura, idan suka hango ɗayanmu sai su canza zance. Gaba ɗayanmu sirara ne, ba mai tumbi, ba wanda ya taɓa kwana a asibiti. Muna kuma da wata alama, ɗan tabo rawaya-rawaya a fatar ido ta wajen hanci, kamar an ɗiga man shanu ya daskare. Kakarmu takan ce tambarin gida ne, da shi ake gane jininta ko a tsakiyar kasuwa. Baba yana da shi, Yaya Sale yana da shi, ni da Habu ma haka. Muna yara har alfahari muke da shi.

A daminar shekarar nan Yaya Sale ya yi rigima da maƙwabcinmu na gona, Malam Ado, a kan wata ɗorawa da ta tsaya a iyaka. Sun yi cacar baki sosai, har Malam Ado ya ce masa a gaban mutane, "Za ka gani." Dagaci ya raba, aka ce a riƙa raba kalwa biyu, kowa ya koma bakin aikinsa. Da kaka ta yi muka fita girbin gero mu uku. Da hantsi ne, rana ba ta ma yi zafi ba. Yaya Sale ya sa gwiwa ya danne dami yana jan igiya, sai na ga ya saki, ya miƙe a hankali yana dafe da ƙirji. Gumi yana zubo masa kamar an watsa masa ruwa.

"Isyaku," ya ce, "wani abu ya zauna min a nan. Kamar an ɗora min turmi."

Na ce ya zauna a inuwa ya sha fura. Ya ce hannunsa na hagu ba nasa ba ne. Muka ɗora shi a amalanken shanu, Habu yana kora, ni ina riƙe da kansa a cinyata ina yi masa kalmar shahada yana amsawa. Kafin mu kai bakin kwalta ya daina amsawa. Idonsa a buɗe yake yana kallona, kuma fuskar da nake kallo kusan tawa ce, don shekara biyu ce kawai tsakaninmu.

Tun kafin a yi sadakar uku magana ta cika gida. Habu ne ya fara faɗa a zaure, da muryar da ba ta rawa.

"Jifa ne. Mutum lafiyarsa ƙalau, ya ci tuwo ya ɗauki lauje. Kowa ya ji abin da Ado ya ce."

Tsofaffin mata suka ɗauka, samari suka ƙara gishiri. Aka daina amsa sallamar Malam Ado. Ranar da ya zo gaisuwa babu wanda ya matsa masa a tabarma, ya yi addu'arsa a tsaye ya tafi. 'Ya'yan Yaya Sale maza suka fara taruwa a bayan gida suna magana ƙasa-ƙasa, har na tsinci kalmar rumbu da kalmar ashana a bakinsu. Ni kuwa abin da yake cina daban ne. A lokacin ina koyar da lissafi a firamaren da ke gaba da mu, a keke nake zuwa, kuma tun kafin rasuwar na lura idan na hau ɗan tudun da ke bayan fadama sai in ji ƙirjina ya ɗaure, kamar an ja min riga ta baya. Idan na sauka na huta sai ya saki. Bayan rasuwar abin ya ƙaru, ko kuma ni ne na fara saurarensa. Na zama ina tsoron buta. Duk lokacin da zan tsuguna alwala sai Baba ya faɗo min a rai, in tsaya riƙe da ita ina jin bugun zuciyata a kunne. A aji ina rubutu a allo sai in ce a raina, ko a gaban yaran mutane zan faɗi. Idan na ci abinci ina tunanin ko shi ne na ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba, amma matata, Innarku Binta, ba a ɓoye mata abu. Ta ga na koma tura keken maimakon hawa, ta kira Hauwa, 'yata ta biyu, wadda take karatu a jami'a can wajen Rijiyar Zaki.

Hauwa ta zo ranar Asabar, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tashi ba.

"Baba, ranar Litinin za mu asibiti a birni. Kada ka karya, don za su ɗebi jini."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Babu wanda ya ce. Amma ba zan koma makaranta ba sai mun je."

Haka muka tafi. Aka ɗebi jinin, aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ce mu dawo. Da muka koma, likitar da muka samu mace ce, yarinya ƙarama a idona, mai sanyin magana. Kafin ta duba sakamakon sai ta tsaya tana kallon fuskata. Ta nemi izini ta taɓa tabon idona, sannan ta ce in cire takalmi, ta mammatsa jijiyar da ke bayan dunduniyata, ta ce ta yi kauri. Ta tambaye ni yadda mahaifina ya rasu, da shekarunsa, da 'yan'uwansa. Na ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta tambayi sana'ata. Da na ce malamin lissafi ne, sai ta juyo da takardar gabana ta miƙo min biro.

"To Baba, kai za ka yi mana lissafin, don ka gane shi da kanka. Akwai wani kitse da yake yawo a cikin jinin kowa, muna ce masa kolestarol. Jiki yana bukatarsa, amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kyau, shi kamar mai shara ne, yana kwashe na banza daga hanyoyin jini ya mayar hanta. Akwai mugun, shi ne yake mannewa a jikin jijiya yana taruwa, hanyar tana tsukewa, kamar yadda laka take toshe tiyon ban-ruwa. Ranar da ta toshe a jijiyar zuciya, shi ne abin da ya sami yayanka. Akwai kuma wani maiƙo na uku. A nan muna auna jimla, mu auna mai kyau, mu auna na ukun. Mugun kuwa fitar da shi ake yi da lissafi. Ka ɗauki jimla ka debe mai kyau. Sai ka raba na ukun da biyu da ɗigo biyu, abin da ya ba ka shi ma ka debe. Ragowar shi ne mugun."

Na duba. Jimlata tara ce. Mai kyau ɗaya da ɗigo ɗaya. Na ukun biyu da ɗigo biyu, wato idan an raba ya ba da ɗaya cif. Lissafin da ɗan aji huɗu zai yi da ka ne, amma sai da na rubuta shi a tsaye kamar yadda nake koya wa yara. Shida da ɗigo tara.

"Nawa ya kamata ya zama?" na tambaye ta.

"Ga mai lafiya, ana so ya kasance ƙasa da uku. Ga mai ciwon ƙirji irin naka, ƙasa da biyu muke nema."

Na sake bin lissafin daga ƙasa zuwa sama ina neman kuskure. Duk tsawon aikina ban taɓa roƙon Allah ya sa na yi kuskure a lissafi ba sai ranar. Na ce mata ai ni ba ni da ƙiba, nama ma sai ranar kasuwa, kuma kitse ciwon masu kuɗi ne da suke zaune a mota.

"Naka ba daga kwano ya zo ba, Baba. Gado ne. Hantarka ba ta iya kwashe mugun yadda ya kamata, tun ranar da aka haife ka yake taruwa. Wannan tabon na idonka shi ne ya fito fili. Za ka rage man shanu da kitse da kayan ciki, amma abinci kaɗai ba zai sauke shi ba. Akwai ƙwaya da za ka riƙa sha kullum har iyakar rayuwarka, kuma tana aiki, in sha Allahu." Ta ɗan dakata, ta dubi Hauwa, ta dawo da idonta kaina. "'Ya'yanka nawa? Domin duk ɗan da mai irin wannan ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Mace da namiji duk ɗaya. Ba kuma lallai sai an ga tabon ba. Ya kamata a auna su duka, da 'yan'uwanka, da 'ya'yansu."

Na shiga ɗakin nan ina tsoron mutuwata, na fito ina tsoron abin da ya fi ta. A cikin mota ina kallon gonaki suna wucewa, ina jero fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, nawa da na Yaya Sale da na Habu, ina raba ku biyu a raina, in rasa wanda zan sa a wane ɓangare.

Da na gaya wa Innarku, sai ta tuna min abin da na sani. A lokacin an kai gaisuwar neman aure wa Nasiru, babban ɗana, a wani gida na mutunci a cikin Zakirai, an ma fara maganar sa rana.

"Malam, ka sha maganinka, mu kai namu yaran a ɓoye. Idan maganar nan ta fita cewa a jini take, wa zai ba mu 'ya, wa zai nemi tamu?"

Gaskiya ta faɗa, kuma na so in bi ta. Amma a makon nan Malam Ado ya kwashe matansa da yaransa ya kai su garin surukansa, shi kaɗai yake kwana a gida, kuma na ga jarkar fetur a bayan ɗakin samari inda ba a ajiye babur. Idan na yi shiru za a ƙona rumbun mutumin da bai yi komai ba, wataƙila da shi a kusa. Kuma waɗannan samarin da suke shirin ɗaukar fansa, rabinsu suna ɗauke da abin da ya kashe ubansu a cikin ƙirjinsu ba su sani ba. Na je wajen limaminmu na ba shi labari. Ya ce ajali na Allah ne, amma neman magani umarni ne, zargin bawan Allah ba da hujja ba kuwa zunubi ne babba. Ya ce idan zan yi magana zai zauna kusa da ni.

Ranar sadakar arba'in, bayan an shafa fatiha, kafin mutane su watse, na miƙe a ƙofar gida. Ƙirjin ya fara ɗaurewa, har na ce a raina wataƙila a nan zan faɗi kafin in gama. Na ce Malam Ado bai jefi kowa ba. Na ce lokacin da Baba ya faɗi a kan buta babu rigimar ɗorawa, haka lokacin da ƙanensa ya faɗi a hanyar kasuwa. Na nuna tabon idona, na faɗi abin da likita ta ce, na faɗi lambar da na lissafa da hannuna da wadda ya kamata ta zama. Na ce duk wanda ya fito daga tsatson Baba ya zo mu je a auna shi. Sai Habu ya tashi.

"Yaya, ka gama? Ka wanke bare, ka shafa wa gidan ubanka baƙi. Yau ka gaya wa duniya jininmu ruɓaɓɓe ne. Wata yarinya a birni ta ba ka lamba, ka zo ka sayar da mu da ita."

"Habu, kai ma kana da tabon nan."

"Da shi aka haife ni, da shi zan mutu. Ba mai tsira min allura, ba kuma mai taɓa min 'ya'ya."

Ya kaɗe rigarsa ya shige. Kafin wata ya ƙare ya ja katanga tsakanin sashensa da nawa, ya fasa tasa ƙofar ta gabas. Rumbun Malam Ado ya tsira, samarin suka watse, iyalinsa suka dawo, ko da yake har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakaninsa da gidanmu. Daga Zakirai kuma aka aiko dattijo guda da goro da kayan da muka kai, ya ce sun yi shawara, yarinya za ta ci gaba da karatu. Kowa ya san karatun da ake nufi. Nasiru ya daina cin abinci tare da ni, idan na shigo zaure ya fita, kuma wannan ya fi min zafi a kan maganar Habu.

Duk da haka Nasiru ya bi mu ranar da na kwashi nawa da na Yaya Sale muka tafi awo. Da sakamako ya fito likitar ta bar ni na zauna a gefen teburinta ina yin lissafin kowa, tana dubawa. Kowace takarda na ɗauka sai na yi bisimilla. Na Nasiru ya fito biyu da ɗigo shida. Lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya gada, ga shi an riga an hana shi mata saboda ciwon da ba shi da shi. Na ɗaga kai na dube shi, ya kawar da fuska. A cikin 'ya'yan Yaya Sale uku sun ɗauka, har da wanda ya ajiye jarkar fetur. A nawa kuwa, takardar Hauwa ce ta zo ƙarshe. Yarinyar da ba ta da tabo ko ɗaya a fuska, wadda ta ja ni zuwa asibitin da ƙarfin hali. Na debe, na raba, na sake debewa. Shida da ɗigo ɗaya. Tana tsaye a bayana tana kallon biron.

"Baba, sake yi," ta ce.

Na sake. Ta karɓi biron ta yi da kanta, ta ajiye shi a hankali. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a gaban 'ya'yana da 'yar mutane. Likitar ta ce mata ita ce mai sa'a a cikinmu, domin an gano nata tun jijiyoyinta ba su tsufa ba, idan ta riƙe magani za ta ga jikokinta da yardar Allah. Ta kuma ja mata kunne cewa duk ranar da ta yi aure ta samu ciki, ko take shirin samu, ta zo a dakatar da ƙwayar tukuna. Na ji duk wannan, amma a hanyar gida abin da yake yawo a kaina shi ne ni na ba ta, kamar yadda na ba ta tsayi da hasken fata.

Ni dai ga ni, na yi furfurar da ba a saba gani a mazan gidanmu ba. Lambata ta sauka, ko da yake ba ta taɓa kai inda likita take so ba, kuma har yau duk ranar awo hankalina ba ya kwanciya sai na ga sakamako. Nasiru ya yi aure a wani gidan, ya dawo cin abinci da ni, ba mu taɓa tayar da zancen ba. Habu ne ban samu ba. Na aika masa liman, na aika masa Hauwa, na je da kaina na tsaya a sabuwar ƙofarsa, ya amsa sallama ya ce yana da uzuri. Damina biyu bayan haka, ranar kasuwar Zakirai, yana cikin cinikin akuya ya zauna a ƙasa. Kafin a zo a gaya min an riga an rufe masa fuska. Ni na yi masa wanka. Ba mu yi sallama ba, ba mu yafi juna da baki ba, kuma ba zan ce muku wannan ya daina damuna ba.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, aka ce matarsa Talatu tana son magana da ni. Tun da aka ja katangar ban taka sashen ba, in ban da ranar da na yi masa wanka. Na zaga ta ƙofar gabas na tsaya a bakin ɗakinta, tana daga ciki a bayan labule. Yaranta suna zaune a tsakar gida a jere, sun yi wanka, an sa musu kayan fita, har da ƙaramar da ba ta daɗe da shiga makaranta ba.

"Yaya Malam," ta ce, muryarta a dashe, "ni ba ni da halin fita sai na gama takaba. Ga su nan. Ka kai su a auna. Kada a jira ni."